Ina Kan Baba Dogo?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, a gidansu Auta ake ce mata. Tana da kaifin kai, wannan ba a musu. Amma fa akwai ta da gaggawa. Idan aka ba su aiki a aji, ita ce ta farkon miƙa littafi.

"Kin duba kuwa?" in ji malamarsu.

"Na duba, Malama."

Ina! Ko kallonsa ba ta sake yi ba. Ni dai abin yana ba ni haushi, don sau da yawa tana faɗuwa a lissafin da ta iya.

Auta tana zaune da Mamanta da Kakarta. Kaka ce ta haifi Mama, ita ce kuma ta haifi Kawu, mai shagon hoto a bakin titi. Mijin Kaka ya rasu tun Auta tana rarrafe. Baba Dogo ake ce masa, don duk taron da ya shiga sai an hango kansa a sama.

Idon Kaka na hagu ya mutu shekara biyu da suka wuce. Yanzu na dama ma ya fara. Likita ya ce duhun daga sama zai riƙa saukowa, kamar ana sakin labule a hankali. Ya ce ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za a yi mata aiki. Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce aikin yana iya ceton idon, yana kuma iya ƙarasa shi.

Kaka ba ta yi kuka ba. Da suka dawo gida sai ta ce a miƙo mata gwangwanin hotuna daga kan kabad. Ta ɗauki hoto ɗaya ta kai shi daf da hancinta. Ta matsar da shi baya. Ta juya wajen taga. A ƙarshe ta ajiye.

"Ba na ganin komai sai ɗige-ɗige," in ji ta. "Abu ɗaya nake so kafin Litinin. In ga fuskar mutumin nan sau ɗaya, da kyau. In ya so idon ya tafi."

Mama ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Sai Kawu ya ce, "Inna, wannan ai aikina ne. Zan kwafe hotunan a kwamfuta, in jera su ɗaya bayan ɗaya. Sai in zuba su a faifai mai kaifin hoto. A babbar talabijin ɗin nan, har gashin girarsa sai kin ƙirga."

"Kai dai da cika baki," in ji Kaka. Amma ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu.

Kwana huɗu Kawu yana kwafar hotuna. Guda ɗari da arba'in ne. Wasu sun koɗe, wasu sun yage a gefe, duk ya bi su ya gyara.

Ranar Asabar da safe Auta ta bi shi shago. Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman bene, a kan shagon wani tela. Matakalarsa tsaye take, Kaka ba za ta taɓa iya hawa ba. A ciki akwai kujera biyu, da fanka mai ƙara, da tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin allo.

Kawu ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko faifai a cikin leda. Ya riƙe shi ta gefe-gefe.

"Kin ga wannan? Shi kaɗai ya rage mini. Mutane sun daina saye, masu shago sun daina kawowa. Kuma sau ɗaya ake zuba masa abu. In an zuba, an zuba ke nan, babu gogewa."

Auta ta leƙa allon. Hoton farko na Kaka ne ita kaɗai, tana zaune a kujera lokacin tana da ƙuruciya. Hoton yana tsakiya. A hagu da dama kuwa sai baƙi ƙirin.

"Kawu, me ya sa gefe da gefen baƙi?"

"Talabijin faɗi gare ta. Hotunan da kuma tsayi gare su."

"Ai babu kyau."

"Ba kyau muke nema ba. Ƙyale shi haka."

Wayarsa ta yi ƙara. Mama ce. Ta ce dole a karɓo takardun gwajin Kaka a asibiti kafin sha biyu, ita kuma ba za ta iya barin Kaka ita kaɗai ba. Kawu ya dubi agogo ya yi tsaki.

"Auta, saurara da kyau. Na gama jera komai. Ki danna nan, ki kalli hotunan daga farko har ƙarshe. Minti ashirin da biyar ne. In kin ga komai daidai, sai ki danna wannan jan maɓallin, kwamfuta ta fara dafawa."

Haka Kawu yake kiran abin, dafawa. Kwamfuta ce take haɗe hotunan su zama bidiyo guda. A tsohuwar kwamfutarsa sai an yi awa uku cur.

"Kada ki taɓa komai ban da waɗannan biyun. Kin ji?"

"Na ji, Kawu."

Yana sauka daga bene, Auta ta gyara zama. Baƙin nan na gefe ya tsaya mata a rai. Ta fara leƙe-leƙe a allon. Can a ƙasa ta ga wani ɗan akwati mai kibiya huɗu. Ta danna.

Kai! Nan take hoton Kaka ya kumbura ya cika allon. Baƙi ya ɓace. Fuskar Kaka ta fito ɓaro-ɓaro.

"Ka ga ni!" in ji Auta. "Ashe Kawu bai san wannan ba."

Kwamfutar ta tambaye ta ko a yi wa dukkan hotunan haka. Ta ce a yi.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne, hoto ba ya cika allo a banza. Idan ya kumbura ya kai gefe da gefe, samansa da ƙasansa sai sun fita waje. Kaka a zaune take a hoton farko, a tsakiya, don haka bango kawai aka yanke. Da Auta ta kalli hoto na biyu, da ta gani.

Ta kai hannu za ta fara kallon ke nan, sai ta ji kira daga ƙasa. 'Yar tela ce, ƙawarta.

"Auta! Sauko, mun samo igiya!"

Minti ashirin da biyar na zaman kallon tsofaffin hotuna, ga kuma tsallen igiya a ƙasa. Auta ba ta yi dogon tunani ba. Ta danna jan maɓalli, ta sauka a guje.

Kawu bai dawo ba sai wajen ƙarfe huɗu. Layi ya riƙe shi a asibiti. Ya hawo a gajiye, rigarsa ta jiƙe da gumi. Kwamfuta ta riga ta gama dafawa.

"Kin kalla daga farko har ƙarshe?"

"Na kalla, Kawu."

"Komai daidai?"

"Daidai."

Ya shafa kanta. "Yawwa, 'yar albarka. Kin rage mini aiki." Ya zare faifan daga leda ya saka. Bayan minti ashirin kwamfuta ta tofo shi. Ya rubuta "Baba" a kai, ya mayar cikin leda.

Auta ta kawar da kai. Amma ta ce a ranta, ai gyara na yi, gobe sai sun yaba mini.

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a falo. Kaka ta yi wanka ta sa sabbin kaya, har da turare. Mama ta tsokane ta.

"Inna, wannan kwalliya haka? Ko baƙo za ki yi?"

"Baƙon da ya fi ki daɗewa a gidan nan," in ji Kaka.

Aka jawo kujerarta daf da talabijin. Aka saki labulen taga. Kawu ya saka faifai a inji. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Kaka, tana jiran yabo.

Hoton farko ya fito. Kaka ta yi dariya ta dafe ƙirji.

"La! Ni ce nan? Ina gani! Wallahi ina gani!"

Hoto na biyu ya shigo. Kaka ce a tsaye, kusa da ita wani mutum mai farar riga. Ga hannunsa a kafaɗarta. Ga agogonsa. Ga maɓallan rigarsa har wuya. Daga wuya zuwa sama babu komai. Allon ya ƙare.



Na uku ya shigo. Baba Dogo yana riƙe da jariri. Jaririn ya fito sarai, Baba Dogo babu kai. Na huɗu, taron 'yan uwa ne. Kowa yana murmushi, shi kuma yana baya kamar kullum, ƙirjinsa kawai ake gani. Na biyar ma haka. Na shida ma haka.

Kaka ta ɗaga haɓa. Ta sunkuyar da kai. Ta karkata gefe, tana neman inda za ta hango saman hoton.

"Ina kansa?" ta tambaya a hankali. "Ina kan mutumin?"

Kawu ya miƙe zumbur. "Inna, tsaya, akwai matsala a faifan."

"Babu wata matsala," in ji Kaka. Muryarta ta canza. "Likita ya faɗa. Ya ce daga sama zai fara. Ga shi nan ya sauko. Ya cinye mini kansa."

"A'a, Inna! Mu ma ba mu ganin kan!" in ji Mama. "Wallahi ba idonki ba ne!"

"Ku daina lallashina, ni ba yarinya ba ce. Kashe abin nan."

"Inna..."

"Na ce ka kashe!"

Kawu ya kashe. Kaka ta miƙe tana laluben bango. Mama ta kai hannu za ta riƙe ta, ta ture hannun. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Na makara. Da kwana uku da suka wuce ne, da na gan shi. Gobe ma ba sai an wahalar da kowa ba. Babu inda zan je."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Auta tana nan zaune a ƙasa. Ta san komai. Ta san ɗan akwatin nan mai kibiya huɗu. Bakinta ya yi nauyi, ta kasa buɗe shi.

Mama ta juya kan Kawu. "Wane irin aiki ne wannan? Shekara nawa kana sana'ar nan? Uwarka ta roƙe ka abu ɗaya a duniya!"

"Yaya, ban san yadda aka yi ba. Lafiya lau na bar shi."

"Ka duba kafin ka zuba?"

Kawu ya dubi Auta. Kallo ɗaya ya yi mata, ya kawar da kai.

"Ban duba ba," in ji shi. "Laifina ne."

Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Auta ba ta taɓa ganin babba yana kuka ba sai ranar. Ba ya yin sauti, kafaɗunsa ne kawai suke motsi.

Aka kai wa Kaka abincin rana, aka dawo da shi yadda yake. Aka kai shayi, ya huce a bakin ƙofa. Gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa.

Auta ta shiga bayan gida ta kulle. Ta ce a ranta, Kawu ya riga ya ɗauki laifin, in na yi shiru shi ke nan. Amma maganar Kaka ta ƙi fita daga kunnenta. Kaka tana can kwance, ta yarda idonta ya mutu. Gobe ba za ta je asibiti ba. Kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san ainihin abin da ya faru.

Ta wanke fuska ta fito. Ta tura ƙofar Kaka.

Kaka tana kwance ta juya wa ƙofa baya, da sabbin kayanta a jiki.

"Kaka."

"Wa ke nan? Ƙawata ce? Tafi ki yi wasa."

"Kaka, ni ce na yanke kan Baba Dogo."

Kaka ba ta motsa ba. "Ke ma sun aiko ki ki lallashe ni?"

"Ba wanda ya aiko ni." Hawaye ya fara zuba. "Kawu ya ce kada in taɓa komai. Na taɓa. Na ga baƙi a gefen hoton, na danna wani abu ya cika allon. Ya ce in kalla har ƙarshe, ban kalla ba, na tafi tsallen igiya. Da ya tambaye ni na ce na kalla. Ƙarya na yi."



Auta ta zagaya ta gaban gadon. Ta hau kan wata 'yar kujera ta miƙe tsaye.

"Kaka, dube ni. Kina ganin kaina?"

Kaka ta buɗe idonta na dama. Ta daɗe tana kallo.

"Ina ganin kitsonki. Ɗaya ma ya tsefe."

"To, in da idonki ne ya cinye kan Baba Dogo, ai da nawa ma ya cinye."

Kaka ta tashi zaune a hankali. Ta dubi saman ƙofa. Ta dubi agogon bango. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Auta ta zaci za a rungume ta. Ba a rungume ta ba.

"Sauko," in ji Kaka. "Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Ba yankan ba. Hannu yana kuskure. Kina zaune a gindin ƙafata, kina ji ina cewa idona ya mutu, kika yi shiru. Awa nawa ke nan?"

"Uku."

"Awa uku ina kwance ina ban kwana da duniya."

Auta ta fashe da kuka sosai. Kaka ta bar ta ta yi. Sannan ta ce, "Kira mini uwarki da kawunki. Ki maimaita a gabansu."

Ta maimaita. Mama ta buɗe baki za ta fara faɗa, Kaka ta ɗaga hannu.

"Faɗan zai jira. Ɗana, abin nan yana gyaruwa kafin gobe?"

Kawu ya share fuska. "Hotunan suna nan lafiya a kwamfuta, Inna. Dafawa awa uku ce, za a iya yau. Faifan ne babu."

"To, nemo."

Kawu da Auta suka fita. Sai da suka hau bene ya kunna kwamfuta, sannan ya yi magana.

"Na san ke ce tun a falo."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Kawu?"

"Ni na bar wa yarinya aikin uwata. Kin tambaye ni dalilin baƙin, na ce ki ƙyale, ban yi miki bayani ba. Na kuma zuba ban duba ba. Nawa laifin na ɗauka. Naki kuwa ke kaɗai za ki iya ɗaukarsa."

Ya mayar da hotunan yadda suke. Baƙi ya dawo hagu da dama. Kan Baba Dogo ya dawo.

"Zauna ki kalla. Ɗari da arba'in. Duk wanda kika ga matsala a cikinsa, ki rubuta lambarsa. Ni zan tafi neman faifai."

Auta ta zauna. 'Yar tela ta kira ta sau biyu daga ƙasa, ba ta amsa ba. Ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar na talatin da bakwai a kife yake. Ta tarar na tamanin ya shigo sau biyu. Ta rubuta.

Ta kuma lura da wani abu. Baba Dogo kullum a baya yake tsayawa, don kada ya tare wa mutane. Saboda haka fuskarsa ƙarama ce a kusan kowane hoto. Sai a na ɗari da goma sha biyu. A nan yana zaune a kan benci shi kaɗai, yana dariya, rana ta haske masa fuska.

Kawu ya dawo bayan awa ɗaya da rabi, hannu wayam. Shago shida ya je. Huɗu a rufe, biyu kuma sai faifai na gama-gari, wanda hotonsa yake fita dishi-dishi. Irin wannan ba zai yi wa idon Kaka amfani ba.

"Akwai wani tsoho a bakin tasha," in ji shi. "Na same shi a waya. Ya ce wataƙila yana da shi, wataƙila babu. Sai ƙarfe takwas na safe yake buɗewa."

Auta ta yi lissafi da yatsu. Motar da za ta kai Kaka asibiti tara da rabi za ta tashi. Ko an samu faifan, Kaka ba za ta iya kallon minti ashirin da biyar ba.

"Kawu, ina da magana. Amma ba zan taɓa komai ba."

"Faɗi."

"A dawo da na ɗari da goma sha biyu ya zama na farko. Kuma abin nan da yake kumbura hoto, ba za a iya sa shi ya kumbura fuskar kawai ba?"

Kawu ya dube ta. Ya jawo kujera kusa da tata. Ya nuna mata yadda ake zaɓar wurin da hoto zai matso. Suka sa fuskar ta riƙa matsowa a hankali har ta cika allon, ta tsaya minti biyu. Suka kalla tare daga farko har ƙarshe. Sannan Kawu ya ce ita ta danna jan maɓallin.

Ranar Litinin, tun bakwai da rabi suna tsaye a ƙofar shagon tsohon. Mama ta aika wa malamar Auta cewa za ta makara. Takwas ta yi, babu tsoho. Takwas da minti goma, sai ga shi yana tafe a hankali yana jan ƙafa, da tarin makullai a hannu.

"Ku ne masu neman faifan da aka daina yayi?"

"Mu ne, Baba. Don Allah a taimaka, sauri muke."

"Kowa sauri yake, ɗana."

Ya buɗe kwali na farko, babu. Na biyu, wayoyin caja ne. Auta ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kanta. Can ciki ta hango wani kwali da ƙura ta rufe.

"Baba, wancan fa?"

Tsohon ya jawo shi ya hure. A ƙasan kwalin akwai faifai guda biyu a cikin leda. Kawu ya ɗaga ɗaya ya karanta, ya ce, "Shi ne!" da ƙarfi har tsohon ya firgita.

Suka koma shago a guje. Zubawa ta ci minti ashirin. Kwamfuta ta tofo faifan tara da minti biyar. Kawu ya fizge shi ya nufi ƙofa.

"Kawu, ba mu duba ba."

"Auta, lokaci!"

"Ko minti uku ne. Don Allah."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Ya dawo. Suka mayar da faifan suka duba farko, suka duba tsakiya, suka duba ƙarshe. Kowane kai yana wurinsa.

Tara da minti ashirin suka shiga gida suna haki. Mota tana ƙofar gida. Kaka tana zaune a kujerarta daf da talabijin, jakar asibiti a cinyarta. Ba ta sa turare ba yau.

Kawu ya saka faifan. Allon ya yi baƙi, sannan ya haska. Ga benci. Ga wani dogon mutum a zaune. A hankali fuskarsa ta fara matsowa, tana girma, har ta cika talabijin ɗin.

Jakar ta zame daga cinyar Kaka ta faɗi, ba ta kula ba. Ta miƙa hannu ta taɓa gilashin, daidai kumatunsa.

"Kai ne," in ji ta. "Ga ka nan. Ga haƙorin da ka karya ranar da ka ce za ka buɗe kwalba da baki. Na hana ka, ka ƙi ji."

Tana dariya hawaye yana zuba ta ido biyun, mai gani da marar gani. Mama ta toshe baki. Direba ya yi ham a waje, babu wanda ya motsa.

Hoto goma sha biyar kawai ta samu gani. Sannan ta goge fuska ta miƙe da kanta.

"Na gan shi. Ku tashi mu tafi. Duk abin da Allah ya yi, daidai ne."

A bakin ƙofa ta laluba ta kamo hannun Auta. Ba ta sake shi ba har asibiti.

To, yara, darasin a fili yake. Ku duba aikinku kafin ku ce kun gama. Kada ku ce kun duba alhali ba ku duba ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa nan take, domin kowane minti da kuka yi shiru, wani ne yake shan ciwon a madadinku.

Kwana tara Kaka ta yi da bandeji a ido. Ranar da za a kwance, duk suna tsaye a bakin gadonta. Likita ya zare a hankali. Kaka ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Idon bai dawo kamar na yarinya ba, amma bai mutu ba.

Wadda ta fara gani Auta ce, don ta fi kowa matsowa. Kaka ta kama haɓarta ta juya fuskar hagu, ta juya dama.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni ina ta neman mutumin a cikin gwangwani. Ashe kunnuwansa da goshinsa suna nan suna yawo a gidana."

Ta jawo Auta ta rungume ta, har likita ya ce a yi a hankali da idon.